Kada Ka Ce Musu Da Sauƙi

Hayyin Ashir, Alƙahira
Satumba, 2014

Zuwa ga ɗana Haruna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da sa albarka, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya a cikin jirgi, ya sauke ku ƙasar Ostireliya lami lafiya, ya tsare ka daga sharrin sama da na ƙasa da na ruwan nan da aka ce za ku wuni kuna tafiya a kansa ba a ganin gaɓa. Ummanka ta cusa maka kilishi a ƙasan jaka. Malam Kolin, mai koya muku wasa da zai raka ka, ya ce ba a shiga ƙasarsu da nama, don haka ka cinye a hanya, ka sam masa, kada wahalar baiwar Allah ta ƙare a kwandon shara.

Ka yi haƙuri da rubutun. Ka san da hagu nake yi, hagun mahauci kuwa ba don alƙalami aka yi ta ba. Na zaɓi takarda ne domin a gabanka bakina nauyi yake yi. Tun haihuwarka muke gida ɗaya, amma maganarmu ba ta wuce ka ci abinci, ka yi sallah, ɗauko mini wancan.

Tsoro nake ji, Haruna. Ummanka tana tsoron kada ka bar sallah, kada ka kawo mata Baturiya, wannan ku ƙarata ku biyu. Ni hannunka na dama nake ji wa tsoro. Na san yana maka ciwo, na kuma san ba ka gaya wa kowa ba.

Kada ka fara tunanin wa ya tona ka, ba kowa. Juma'ar da ta wuce a sahun bayanka na tsaya. Da liman ya yi kabbara, hagunka ta kai kunne, damarka ta tsaya a ƙirji. Da aka yi sujada, nauyinka duk a hagu ka aza shi. Anbuba, tukunyar gas ɗin nan da kake hawa bene da ita a kafaɗar dama tun kana ɗan saurayi, kwanan nan ta koma hagu. Da muka dawo gida na ce maka, "Ya hannun?" Ka ce, "Tamam, Baba. Da sauƙi." Ka faɗe ta kana murmushi, ni kuwa muryata na ji a bakinka.

Har yau ban gama gane wannan wasa naku na besbol ba. Mutum ya hau ɗan tudun ƙasa, ya ɗage ƙafa ɗaya kamar shamuwa, ya wurga ƙwallo mai taurin goruba, wani can ya gyara tsayuwa da kulki yana jiran ya maka mata. Na je filin nan na Ma'adi na zauna cikin Turawa, in sun yi tafi in yi, in sun yi tsaki in yi. Amma abu ɗaya na gane tun ranar farko. Kai mai jifa ne, kuma sana'ar mai jifa sana'ar hannu ɗaya ce. Duk sauran jiki 'yan rakiya ne. Wannan kam na san shi, domin dambe ma haka yake.

Ka san a dambe na rasa hannuna, amma ba ka san yadda aka yi ba. Kullum nakan ce ƙaddara ce in rufe zancen. Ƙaddara ce, amma da ƙafata na je na tarye ta.

Mu rundawa ne, fawa gadonmu ce, dambe kuma wasanmu ne. Da an gama girbi sai mu bi ƙauyukan ƙasar Gusau, a naɗe mana hannun dama da kara shi ne mashi, hagu kuma garkuwa. Tsawa ake kirana a lokacin. Kada ka yi dariya, wannan tsohon mai tumbi da kake gani yana kaɗa miya ya taɓa sa 'yan mata guɗa. Wata rana na kara da wani gajere mai kan dutse. Na kai masa naushi ya sunkuya, hannuna ya sauka a tsakiyar kansa. Ya faɗi, fili ya ɗauki ihu, ni kuwa na ji wani abu ya ce ƙas a cikin gwiwar hannuna, kamar zare ya tsinke. Washegari hannu ya kumbura. Kakanka, wanda ka ci sunansa, yana wasa wuƙa a bakin rumfa, ya ɗago ya ce, "Ya hannun?" Na ce, "Da sauƙi." Ya ci gaba da wasa wuƙarsa.

Akwai maɗori a bayan kasuwarmu, tafiyar da ba ta kai a sa takalmi ba. Na san abin da zai ce: a ɗaure, a huta, ba dambe sai baɗi. To amma akwai babban wasa a garin gaba, an riga an yi shela da sunana, makaɗi ya riga ya ɗaura mini kirari. Na shiga fili da hannun da ko buta ba ya iya ɗauka. Kalangu ya tashi, makaɗi yana cewa, "Tsawa, ba a tare ki da faifai!" Na ji kaina ya yi girma. Na tattara duk abin da Allah ya ba ni na kai duka. Hannun ya tafi, kuma daga ranar bai sake dawowa nawa ba. Kafin kasuwa ta zagayo, da kunnena na ji makaɗin yana yi wa wani yaro kirarin nan, ko kalma bai sauya ba.

Ku ma kuna da kalangunku. Na ga na'urar nan da ake nuna ku da ita idan kun yi jifa, mai faɗin gudun ƙwallo, na kuma ga yadda kake waiwaya ka dube ta bayan kowane jifa. An ce can akwai masu zuwa daga Amurka neman yara, su zauna bayan raga kowa da irin tasa. Za su yaba maka, jininka ya tafasa, ka ji kamar ka fizge hannun ka jefa musu shi gaba ɗaya. A wannan lokacin ka tuna na'ura ba ta da ɗa. Ranar da hannunka ya mutu za a juya ta wajen yaron da ke bayanka.

Akwai wauta ta biyu, kuma ta fi ta farko muni. Tsakanin wasannin nan biyu ban je wurin maɗori ba, amma na je wurin wani mai magani. Ya yi mini tsaga a dantse, ya goga baƙin gari, ya ba ni wani abu na sha. Ciwo ya ɗauke ɗif, na fito ina ta sa masa albarka. Ashe ciwo ɗan aike ne, ya zo ya gaya mini gida ya kama wuta, ni kuwa na toshe masa baki na koma na kwanta. Na kawo wannan ne domin Ummanka ta tsinci fankon ƙwayoyin saidaliyya, wato kantin magani, a aljihun wandonka tana wanki. Ta kawo mini ta ce, "Malam, wannan na mene ne?" Na ce mata na ciwon kai ne. Ka ga ka sa na yi wa uwarka ƙarya da furfurata. Can za ka samu waɗanda suka fi waɗannan ƙarfi, har da allura, kuma ba za a rasa abokin da zai ce maka kowa ma haka yake yi ba. Duk maganin da zai sa ka yi jifa yau da hannun da jiya ya hana ka kabbara, ba magani ba ne, tsagar mutumin nan ce aka sa wa kwali.

Bari in gaya maka abin da ake nufi da rasa dama, domin kai ka tashi ka gan ni haka, ka ɗauka haka aka halicce ni. Gwiwar ba ta lanƙwasuwa ta kai loma baki. Na koma ci da hagu, a gidan biki a yi ta kallona, wani ya ce, "Bawan Allah, ci da dama mana." Wuƙa ta gagare ni. Ɗan mahauci, jikan mahauci, na tsaya a rumfar ubana ina kora ƙuda. Kunyar wannan ce ta fitar da ni daga gida da sunan tafiya Makka, na maƙale a Sudan, na auri Ummanka, iska ta kaɗo mu nan. Yau ɗaliban Azhar suna layi a shagonmu suna cewa tsiren Baba Tsawa ya fi na Kano, alhali kowa a gidan nan ya san wa ke yanka naman. Ba ta taɓa yi mini gori ba, amma ni ina yi wa kaina kullum. Ranar sunanka aka miƙo mini kai, sai da na zauna a ƙasa aka aza mini kai a cinya, don kada in yar da kai a gaban mutane.

Yanzu zancen Malam Kolin. Tun da matarsa ta fara koyarwa a makarantarku ta yaran Sudan, shi kuma ya fara kawo muku ƙwallaye, ban yarda da shi ba. Na ce Bature ba ya wahala a banza. Sai ranar da ka kawo shi shago ya ci tuwo da miyar kuka har yana gumi, ka fita sayo ƙanƙara ka bar mu da guntun Larabcinsa. Ya dubi hannuna, bai kau da kai ba kamar yadda mutane ke yi. Ya naɗe hannun rigarsa ya nuna mini gwiwarsa, da tabo dogo kamar ɗinkin buhu. Muka zauna kamar tsofaffin sojoji.

Ya ba ni labarinsa, ban sani ba ko ya ba ka shi duka. Yana kamar shekarunka aka ɗauke shi daga ƙasarsu aka kai shi Amurka, ba babbar ƙungiya ba, ƙananan da ke ƙarƙashinta, inda ake tara yara ana tankaɗe su. Ya yi shekaru yana yawo a ƙananan garuruwa, barci a mota, ɗaki ɗaya da ƙarti, kowace shekara a ce masa saura ƙiris a kira shi sama. Abokin da kuka ci abinci tare da safe, da yamma ka tarar an kwashe kayansa. Ana nan sai ƙasarsu ta kira shi ya sa rigarta a wata gasa ta ƙasashe. A lokacin gwiwar ta riga ta fara yi masa magana. Ya ce da ya ga rigar da sunansa a baya, sai ya ce a ransa bari a gama wannan tukuna. Likitansu ya tambaye shi, ya ce lafiya lau. A tsakiyar wasa, gaban tutar ƙasarsu, jijiyar ta tsinke. Aka yi masa aiki, ƙungiyar Amurka ta sallame shi hannu na rataye a wuya. Daga baya ya buga a Holan, ya buga a Italiya, amma ya ce kamar hannun aro yake jifa da shi. Babbar ƙungiyar da ya ba ƙuruciyarsa, ko ciyawar filinta bai taɓa takawa ba.

Sai ya ce mini, da Larabcinsa mai ɗingishi, "Ya ammu," wato baffa, "ni sau ɗaya na ɓoye, kuma na san ɓoyewa nake yi. Ɗanka kullum tamam. Ya gaji, tamam. Ƙwallo ta buge shi, tamam. Ban san ranar da tamam ɗinsa ta gaskiya ce ba."

Ka san abin da ubanka ya yi? Dariya na yi, har da buga ƙirji da hagu. Na ce masa, "Mu haka muke, ya Kabtin. Namiji ba ya cewa wayyo." Bai yi dariya ba. Ya sake duban hannuna, ya dube ni, ya sauke hannun rigarsa. Sai da ya tafi na gane mutumin taimako ya zo nema, ni kuma na yi masa kirari.

Ka fahimci wannan da kyau, domin shi ne zuciyar takardar. A wurinmu, idan aka ce ya jiki, ko mutum yana kan gargara cewa zai yi da sauƙi. Ba ƙarya ba ce, ladabi ne, addu'a ce, godiya ce ga Allah. Kuma ba ta cutar da mu sosai a gida, domin mai tambayar ma ya san ba amsa ba ce. Zai dubi idonka, gwaggo za ta taɓa goshinka, uwa za ta lura ka rage tuwo. Can babu mai yi maka wannan. Bature idan ka ce masa lafiya, lafiya ya ji, sai ya miƙo maka ƙwallo. Ba mugunta ba ce, su a wurinsu babba idan ya faɗi magana ita ce. Kakanka ma da ya san al'adar sarai, ranar nan hankalinsa na kan wuƙa, kalmar ta wuce da shi. To ina ga wanda bai taɓa jin ta ba?

Kuma ni na dasa maka ita, ban manta ba. Kana ƙarami, muna saukowa daga mikrobas, ƙaramar motar haya, a Hayyis Sabi', ƙofa ta datse maka yatsa har farce ya tashi. Ka buɗe baki za ka tsala ihu, na daka maka tsawa na ce, "Kai! Namiji ne fa." Ka haɗiye kukan, hawaye na zuba ba sauti. Direba ya ce, "Ragil, wallahi!" wato namiji ne. Na ji daɗi kamar an ba ni sarauta. Da muka isa gida Ummanka ta kwance ƙyallen ta gani, ta ce, "Malam, yau ka koya masa haɗiye wuta. Ranar da ta ci cikinsa kada ka tambaye ni." Na ce mata zancen mata ne. Tun daga ranar ban sake jin ka ce wani abu yana maka ciwo ba, har nake alfahari da hakan a gaban mutane. Na karɓe maganata, Haruna. Jarumtar da na koya maka ita ce ta mayar da ni mai kora ƙuda.

Na san abin da kake tsoro, kada ka ɗauka ban sani ba. Kana tsoron idan ka faɗa za a ce ka huta, wasu su wuce ka, ko a sa ka a jirgi a dawo da kai. Kana tunanin ɗaliban da suka fara kiranka ɗan Amurka, da maƙwabtan da suka zo sallama, da Malam Kolin da ya tsaya maka a wurin tsohuwar ƙungiyarsu. Ba zan yi maka alkawarin ba za a dawo da kai ba, domin ban sani ba. Watakila hutu kaɗan zai isa, watakila abin ya fi haka. Amma in dawowar ce, ka dawo. Masu magana su yi, baki ba ya fasa ƙashi. Ni ne zan tsaya a filin jirgi, kuma wallahi ba kofi zan duba a hannunka ba. So nake in ga ka ɗauko jakarka da dama.

Shekaranjiya na shiga metro, jirgin ƙasan cikin gari, zan je Ma'adi in gaya wa Malam Kolin da kaina. Na kai har tashar, na zauna a benci, sannan na juyo. Na ga idan ni na faɗa, sau ɗaya na ceci hannun, kai kuma ka koyi gyara kabbararka a gabana. Can kuwa babu ni a sahun baya. Dole bakinka ne zai koyi faɗa. Ban sani ba ko daidai na yi. Tun da na dawo nake jin kamar na ga yaro a bakin rijiya na ce bari ya koyi hankali.

To ga Malam Kolin nan kusa da kai a kujera, watakila yana barci da baki buɗe. Idan ka kai ƙarshen takardar nan, ka taɓa shi. Kada ka jira ku sauka, kada ka jira a gama gwajin farko, haka shi ma ya ce, haka ni ma na ce. Ka nuna masa wurin da yatsa. Ka gaya masa tun yaushe, da irin jifan da ke tayar da shi, da ƙwayoyin da ka sha. Mutumin da ke da wancan tabon ba zai raina ka ba.

Na san abu ne mai nauyi ga wanda bai saba ba, don haka bari ni in fara. Tun da ka iya magana kake ce mini, "Baba, ya hannu?" ina ce maka da sauƙi. Babu sauƙi, Haruna. Bai taɓa yin sauƙi ba. Idan sanyin Alƙahira ya shigo, ji nake kamar ana tura mini tsinken tsire a cikin ƙashi. Yanzu haka da nake rubutun nan yana kan cinyata yana zugi. Ban taɓa gaya wa kakanka ba har ya koma ga Allah, ban taɓa gaya wa Ummanka ba, kai ne na farko. Ga shi na faɗa, kuma ban ga na fasa zama namiji ba. Saura kai.

Allah ya tsare mini kai a inda idona ba ya kaiwa. Ya tsare imaninka, ya tsare ƙashinka da jijiyarka, ya haɗa ka da masu tausayi, ya raba ka da masu zuga. Ya buɗe maka baki a lokacin da ya kamata. Idan alheri ne a wasan nan Allah ya ɗaukaka ka a cikinsa, in ba alheri ba ne ya dawo mana da kai da gaɓoɓinka cikakku. Ummanka da ƙannenka suna gaishe ka. Idan ka kira waya zan tambaye ka hannun, kuma zan yi shiru in jira amsa.

Wassalam.

Mahaifinka,
Mamman Tsawa